Me Ya Haɗa Babban Banki da Ambaliya?

Wasiƙun wannan wata sun zo kamar an haɗa baki, kusan duk a kan Babban Banki da sauyin yanayi suke. Na ɗauki huɗu, na rage musu tsawo saboda ƙarancin wuri. Waɗanda suka yi tambaya kan adashi da bashin waya su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ni malamar firamare ce a Haɗeja. A damanar 2022 ruwa ya shanye gonar shinkafar mahaifina, ko dami ɗaya bai ɗauka ba, kuma har yau bai gama biyan bashin takin shekarar ba. Kwanaki na ji ana muhawara a rediyo cewa manyan bankunan ƙasashen Turai sun shiga yaƙi da sauyin yanayi, na Amurka kuwa ya ce babu ruwansa. To mu namu fa? Tunda shi ke buga kuɗi, me zai hana ya ware wani abu ya yashe mana kogi, ya yi jinga, ya dasa itatuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya mayar wa mahaifinki da mafi alheri. Haɗeja ba baƙon wuri ba ne a gare ni. Cikin shekarun da na yi ina aikin banki, a sashen ba da rance na fi daɗewa, kuma akwai lokacin da takardun manoman fadamar yankinku suke bi ta teburina. Bari in ba ki labarin abin da ya same ni kafin mu tafi Turai.

A damanar 2012, wadda ta yi ɓarna tun daga nan Arewa har Lakwaja da ƙasa, muna da wata ƙungiyar manoman shinkafa da muka ba rance. Fom ɗin da ake cikewa yana da gurbin sunan mai tsaya wa mutum, da gurbin faɗin gona, da wurin liƙa takardar dagaci, har da yawan iyali. Babu gurbi ko ɗaya da ya tambaya ko ruwa yana kaiwa gonar. Na je gonakin nan da rani, na ga shaidar laka a jikin itatuwa har ƙugun mutum, ban rubuta ba, don ba a ce in rubuta ba. Na sa hannu aka fitar da kuɗi. Da Satumba ta kama, wani dattijo daga cikinsu ya shigo ofis, wando a naɗe har gwiwa, ya ajiye mini ruɓaɓɓiyar shinkafa a leda a kan tebur, ya ce, "Manaja, ga kuɗinku." Ni ba manaja ba ne a lokacin, amma ban iya gyara masa ba. Reshenmu ya yi shekaru yana jan wannan bashi a littafi.

Wannan gurbi da babu shi a fom, shi ne tushen muhawarar da kika ji. A watan Satumba na 2015, gwamnan Bankin Ingila na lokacin, Mark Carney, wanda a 2025 ya zama firaministan Kanada, ya tsaya gaban 'yan inshora na kasuwar Lloyd's a Landan ya yi jawabin da ya tayar da maganar. Ya tuna musu cewa diyyar da suke biya saboda bala'o'in yanayi ta tashi daga kimanin dala biliyan 10 a shekara cikin shekarun 1980 zuwa kimanin biliyan 50. Sannan ya ce matsalar ita ce gajeren hange: ɗan siyasa ba ya hangen abin da ya wuce zaɓe mai zuwa, mai tsara kuɗin ruwa shekara biyu zuwa uku yake dubawa, ita kuwa ɓarnar ɗumamar yanayi a bayan nan take jira, kafin ta bayyana a littafin banki an makara. Cikin haɗurran da ya lissafa, biyu sun shafe mu kai tsaye. Ɗaya shi ne na ledar dattijon nan: ruwa ko fari ko gobara su cinye abin da aka jingina. Ɗayan kuma, idan duniya ta juya wa kwal da man fetur baya, bashin da aka ba masu rijiyoyin mai ya koma takardar tsire.

Daga nan abin ya bazu. A Disambar 2017 manyan bankuna da hukumomin sa ido guda takwas suka kafa wata ƙungiya a Faris, ana kiranta NGFS, don su riƙa musayar dabarun auna wannan haɗari. Yau mambobinta sun haura ɗari. Amma da tafiya ta yi nisa sai aka rabu. Wasu suka tsaya a kan aunawa. Wasu suka ce aunawa ba ta isa ba, sai an sa hannu an tura. Babban Bankin Turai a ƙarƙashin Christine Lagarde ya fara, daga Oktobar 2022, fifita takardun lamunin kamfanonin da ba su cika fitar da hayaƙi ba a duk lokacin da zai sake zuba kuɗi. Na Chaina ya wuce nan: a Nuwambar 2021 ya ɓullo da shirin da, in bankin da ke cikinsa ya ba da rance don aikin rage hayaƙi, yake mayar masa da kashi 60 cikin ɗari na kuɗin, a kan ruwan kashi 1.75 kacal a lokacin. Shugaban na Amurka na lokacin kuwa, Jerome Powell, a Janairun 2023 ya faɗa ƙarara a wani taro a Siwidin cewa su ba masu tsara manufar yanayi ba ne, kuma ba za su zama ba. A Janairun 2025, 'yan kwanaki kafin a sake rantsar da Donald Trump, suka fice daga ƙungiyar ta Faris, wadda sai a ƙarshen 2020 suka shige ta.

Yanzu ga tambayarki. Ni ra'ayina, Babban Bankin Najeriya ya auna, ya tilasta wa bankuna su auna, amma kada ya taɓa ɗaukar shebur.

Kin ce shi ke buga kuɗi. Haka ne, kuma nan ne ramin yake. Kuɗin da Babban Banki ya ƙirƙira ba daga wata taska ya ɗebo su ba. Idan ya buga naira biliyan ɗari don yin jinga, buhunan masara da ke Dawanau ba su ƙaru da ko ɗaya ba, nairorin da ke bin su ne suka ƙaru. Wa ya biya kuɗin jingar ke nan? Ke, da albashinki na malanta, ranar da kika je awo kika tarar tiya ta tashi. Haraji ne da ba a rubuta shi a doka ba, babu majalisar da ta zauna a kansa, kuma ya fi cin talaka, don mai hali ya riga ya juya nasa zuwa dala ko fili.

Ba daga littafi na karanto wannan ba, a gabanmu aka yi. A Nuwambar 2015 aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, lokacin Godwin Emefiele yana gwamna. Niyyar mai kyau ce: a ba ƙaramin manomi iri da taki da magani, ya biya da shanshera bayan girbi. An fitar da sama da naira tiriliyan ɗaya, an yi dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022. Ba zan ce bai amfani kowa ba, na san manoman da suka tashi da shi. Amma kowa a ƙauye ya san yadda aka ɗauki kuɗin: rabon gwamnati, ba bashi ba. Wasu taki ya iso musu bayan shuka ta yi nisa, wasu da suka karɓa ba su taɓa riƙe fartanya ba, wasu kuma irin mahaifinki ruwa ya yi musu sata. Babban Banki ya wayi gari shi ne mai ba da bashi, shi ne mai bin bashi, shi ne kuma alƙalin da ya kamata ya duba ko bashin ya lalace. A gefe guda yana ranta wa Gwamnatin Tarayya kuɗi, alhali dokarsa ta 2007 ta ƙayyade irin wannan rance a kan kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, har abin ya kai naira tiriliyan 22.7 da majalisa ta mayar dogon bashi a 2023. Da Olayemi Cardoso ya hau a Satumbar 2023 ya ce an zuba fiye da tiriliyan 10 a irin waɗannan shirye-shirye na tallafi, ya kuma ce bankin zai janye daga cikinsu ya koma aikinsa. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Ba buga kuɗi kaɗai ya jawo ta ba, akwai cire tallafin mai da faɗuwar naira da rashin tsaro a gonaki, amma yana cikin itacen da aka hura wutar da shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Idan yau aka zo mini da shiri iri ɗaya, aka shafa masa koren fenti aka ce na muhalli ne, tsumman nan zan gani.

Akwai dalili na biyu, kuma ke 'yar Haɗeja kin fi ni saninsa. Jinga ba ta kashe ruwa, juya shi take yi. Duk garin da aka tare wa, wani gari na ƙasa ne zai sha. Wace hanyar ruwa za a fara cire wa kacala, yaushe za a saki ruwan Tiga da Challawa, gonar wa za a bari ta zama matattara: waɗannan hukunci ne na raba asara tsakanin mutane, kuma wanda ya yanke shi ya kamata ya zama wanda za ku iya tarewa a ƙofar gidansa, ko ku kayar da shi a akwati. Gwamnan Babban Banki ba zaɓarsa kuka yi ba, ba kuma za ku iya sauke shi ba. An ba shi wannan kariya ne da gangan don ya iya cewa a'a idan 'yan siyasa suka matsa masa ya buga kuɗi. Ranar da ya fara zaɓar garin da za a tsare, ya zama ɗan siyasa marar mazaɓa, kariyar kuma ba za ta daɗe ba. Ko a Birtaniya, ba bankin ne ya sa wa kansa batun yanayi cikin aikinsa na hukuma ba. Ministan kuɗi Rishi Sunak ne ya rubuta masa shi cikin takardar aikinsa a Maris 2021, kuma a 2023 wani ministan, Jeremy Hunt, ya rage wa batun matsayi. Masu aikin jinga suna nan da sunayensu: Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ma'aikatun muhalli na jiha da na tarayya, da asusun magance matsalolin muhalli da ake cire wa kaso daga asusun tarayya tun 1981. Su za ku tambaya ina kuɗin suka shiga.

To me ya rage wa Babban Banki? Abu mai yawa, sai dai ba mai ɗaukar hoto ba ne. Abinci shi ne kusan rabin ma'aunin farashi a ƙasar nan kafin a sabunta lissafin a 2025, har yanzu kuma shi ne kaso mafi girma. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, ta yanke hanyar Lakwaja har tireloli suka yi kwanaki a tsaye. Wanda aikinsa tsare farashi ne, in bai san damina ba bai san aikinsa ba. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar kula da koguna tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ruwa zai iya ci. Kwamitin da ke zama duk bayan wata biyu yana yanke kuɗin ruwa ya kamata waɗannan takardu su kasance a gabansa kamar yadda farashin gangar mai yake gabansa, don ya bambance tsadar da yawan kuɗi ya kawo da tsadar da ruwa ya kawo. Ƙara kuɗin ruwa ba ya fitar da tumatir a Kadawa. Haka kuma ya tilasta wa kowane banki ya san nawa ne cikin bashinsa ke zaune a bakin kogi, kada a ba da rancen noma a fadama ba tare da inshora ba, a kuma rubuta tun kafin bala'i yadda za a ɗaga wa wanda ruwa ya ci ƙafa, ba sai ya zo da leda ba. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya shiga Maiduguri, mutane sun fito da wayoyi a hannu da kuɗi a asusu, amma samun tsabar da za su sayi burodi ya zama aiki. Tabbatar da cewa kuɗi suna gudana a irin wannan rana, wannan aikin Babban Banki ne tsantsa.

Ba ma sai an nemi sabuwar doka ba. Tsare lafiyar bankuna yana cikin ayyukan da dokar 2007 ta ba shi, kuma tun 2012, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, aka fitar da ƙa'idoji tara na harkar banki mai kula da muhalli da al'umma, bankuna suka sa hannu. Na halarci bitar da aka yi mana a kansu, an ba mu jaka da biro. Da na koma reshe, fom ɗin rance yana nan yadda na bar shi.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibin tattalin arziki ne a Zariya. Ina ganin wannan magana tarko ce. Turawa sun yi shekara ɗari biyu suna ƙona kwal har suka yi arziki, yanzu suna so a hana bankunanmu ba da bashin iskar gas. Ba gara Babban Bankinmu ya toshe kunnensa gaba ɗaya ba?

AMSA: Ɗana, rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da duniya ke fitarwa. A Nuwambar 2019 Bankin Zuba Jari na Turai ya yanke cewa zai daina ba da kuɗi ga ayyukan mai da gas da kwal daga ƙarshen 2021, wasu masu ba da lamuni suka bi sahu, har mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya yi ta rubutu da jawabi yana cewa wannan rashin adalci ne. Sai ga 2022, yaƙin Yukiren ya katse gas ɗin Rasha, Jamus ta sake kunna tashoshin kwal da ta rufe, ta gina tashar sauke gas a bakin teku cikin watanni, manyan Turai suka yi ta zarya Afirka neman gas ɗin da suka ce kada a haƙo. Mu kuwa muna zaune a kan gas da ya haura kubik ƙafa tiriliyan 200, matanmu suna girki da itace da gawayi, dazuka suna ƙarewa a buhu. A ƙasar da ake sare bishiya don dafa tuwo, tukunyar gas gyaran muhalli ce. Bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka fara a 2020, in ya kammala masana'antun Sharaɗa da Bompai za su rage shan dizal. Duk ƙa'idar da za a kwafo daga Farankfot, mazaunin Babban Bankin Turai, ta sa bashin irin wannan aiki ya yi tsada, ban yarda da ita ba.

Inda muka rabu shi ne toshe kunne. Ka tambayi malamanka abin da ya faru tsakanin 2014 da 2016, lokacin da gangar mai ta faɗo daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da dala 30. Bankunanmu sun ba kamfanonin cikin gida bashin dala sun sayi rijiyoyi a lokacin tsada, da farashi ya karye sai ruɓaɓɓen bashi ya haura kashi 10 cikin ɗari na duk abin da aka ranta, ninki biyu na iyakar da Babban Banki ya yarda da ita. Ina ciki a lokacin, na ga abokan aiki da aka sallama. Har yau mai da gas ne ke ɗauke da kaso mafi tsoka na bashin bankunan ƙasar nan, noma kuwa bai kai kashi 10 ba. Motocin lantarki da Chaina ke ƙerawa ba su nemi izininmu ba, kuma ko ka yarda da ɗumamar yanayi ko ba ka yarda ba, mai sayen manka in ya rage saye ka shiga uku. Kuɗin da ke cikin waɗannan rijiyoyi ajiyar mahaifiyarka ce da fanshon irina. Babban Banki ya tambayi kowane banki, in ganga ta zauna a dala 40 shekara biyar za ka rayu? Wannan ba biyayya ga Bature ba ce. Tambayar ba ta hana kowa ba da bashin gas, tana hana shi ba da shi ido rufe ne.

Af, ka daina cewa "Turawa" kamar bakinsu ɗaya. Jens Weidmann, wanda ya shugabanci babban bankin Jamus har ƙarshen 2021, ya daɗe yana jan kunnen takwarorinsa cewa kada a mayar da manufar kuɗi makamin siyasar yanayi. Ka nemi jawabansa, za su yi maka amfani a jarrabawa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina sayar da farantan sola da batura a Kano. Na je neman rance don in ƙaro kaya, aka ce ruwa ya haura kashi 30. Ga Chaina can tana ba nata a kan ƙasa da kashi 2. In Babban Banki ya ware mana rance mai sauƙi, ai janareta zai ragu, hayaƙi ya ragu, kowa ya huta. Ina laifin wannan?

AMSA: Alhaji, kukanka yana kan hanya, kuma akwai wani abu a cikinsa da masu irin ra'ayina ba sa son faɗa. Tsadar kuɗin ruwa ta fi cutar sola a kan janareta. Mai janareta kuɗi kaɗan yake fitarwa ranar saye, sauran ya riƙa biya a gidan mai kullum. Mai sola kuwa kuɗin shekara goma yake dunƙulewa ya biya a rana ɗaya. Saboda haka duk lokacin da Babban Banki ya ɗaga ma'auninsa, kamar yadda ya ɗaga daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin 2024, kai ya fi taka wa ƙafa, ko bai yi niyya ba. Wannan gaskiya ce.

Sai dai kwatancen Chaina bai zauna ba. Hauhawar farashi a can ta yi shekaru tana kusa da sifili, bankinsu kuma reshen gwamnati ne, ba ya da'awar cin gashin kai. A ƙasar da kuɗin ruwa na kasuwa ya haura 30, duk wanda aka ba rance a kan kashi 9 an ba shi kyautar bambancin, kuma inda kyauta take, nan masu hanya suke layi. Wa kake jin zai riga kai wa teburin, kai da shagonka ko mai lambar wayar darakta? An ma gwada. A 2020 an sanar da shirin sola na gidaje miliyan 5, da asusun naira biliyan 140 daga Babban Banki. Kai da ke cikin kasuwar, ka duba layinku ka ƙirga waɗanda suka samu.

Ƙasar da ta fi burge ni a wannan fanni Bangaladash ce, inda aka kafa sola a gidajen karkara sama da miliyan 4 daga 2003. Babban bankinsu yana cikin na farko-farko da suka fitar da ƙa'idojin muhalli, amma ba shi ya yi wannan aiki ba. Wani kamfanin gwamnati ne mai suna IDCOL, wanda aka kafa don irin wannan, da kuɗin Bankin Duniya da wasu masu tallafi, yana bi ta hannun ƙungiyoyin da suka san kowane gida a ƙauye, suna karɓar biya wata-wata. Mu ma muna da irin waɗannan ƙofofi: Bankin Masana'antu, Bankin Raya Ƙasa, da Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, wadda Bankin Duniya ya amince wa shirinta da dala miliyan 750 a Disambar 2023. In gwamnati tana so ta sauƙaƙa maka ruwa, ta rubuta adadin a kasafin kuɗi, majalisa ta gani, mai binciken kuɗi ya bi sawu. Ka kuma leƙa bankunan da ba sa harkar ruwa, wasunsu suna saye su sayar maka da riba ƙayyadajjiya, ko su ba abokin cinikinka haya har ya mallaka.

Ka kuma tuna abin da ya fi karya ka a shekarun nan. Farantanka da baturanka daga waje suke zuwa. Dala ta tashi daga wajen naira 460 a hukumance a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024. Da an ba ka rance a kan kashi 5 ma, wannan faɗuwa ta cinye sauƙin ta haɗa da jarin. Naira mai zama wuri ɗaya ta fi maka kowane asusu na musamman, kuma ita ce abin da Babban Banki kaɗai zai iya nema maka. In ya raba hankalinsa, taura biyu ce a baki.

TAMBAYA: Malam, gaisuwa daga Maraɗi. Ni ɗan kasuwar hatsi ne. Mu a Nijar wa za mu kai wa wannan kuka, tunda bankinmu yana Dakar? Sannan ka ba ni shawara, in ajiye gero ko in sayar?

AMSA: Alhaji, ina amsawa, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Ku naku ɗaurin ya fi namu tsauri. Babban bankinku, BCEAO, na ƙasashe takwas ne, kuma sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, don haka ko ya so ba zai iya buga kuɗi ya yi wa Nijar gyaran gulbi ba tare da ya taɓa aljihun mutumin Abijan da na Dakar ba. Wannan ɗauri yana da ciwonsa, kun ɗanɗana bayan juyin mulkin Yulin 2023 da aka rufe wa gwamnati asusunta har zuwa Fabrairun 2024. Amma shi ne ya sa jikar da ka ajiye bara ba ta narke kamar nairata ba.

Ruwan 2024 ya kashe sama da mutum 300 a Nijar, jiharku tana cikin waɗanda suka fi jin jiki, tsohon masallacin Zinder na ƙasa ya rushe, har buɗe makarantu aka ɗage. Abin da za ku nema daga Dakar bai wuce abin da na gaya wa Malama ba, da ƙari ɗaya: kuɗin ruwa guda ake yanke wa ƙasashe takwas, alhali damanar Sahel daban take da ta bakin teku, shekarar da gero ya ƙone a Dakoro wataƙila koko ya yi kyau a Kodebuwa. Wakilan Nijar a bankin su riƙa kai wannan lissafi teburin, a kuma sassauta wa ƙananan asusun rance na karkara ƙa'ida a shekarar bala'i don su ɗaga wa manoma ƙafa. Rumbun tsimi da gyaran magudanai kuwa, Yamai za ku tambaya.

Batun gero, Alhaji, kai da ka yi shekaru a bakin buhu kake tambayar tsohon akawu? Bara na sayi buhu biyu a Dawanau na ce zan yi dabara, na jibge su a ɗakin baya ban sa magani ba, kafin azumi ƙwari sun cinye rabin ɗaya, uwargida har yau ba ta daina yi mini dariya ba.